Golan da Ya Yi Ihu da Hausa

Jiya na wuce filin kwalejinmu a unguwar Zahir, nan ƙasar Larabawa, ƙarar usur ta tuna mini da kakana. Bai san ƙwallo ba, raka ni kallo kawai ya yi wata la'asar. Yana kurɓar shayi mai na'a-na'a, sai golanmu ya daka wa ɗan baya tsawa da Hausa: "Bar mini, tawa ce!"

Tsoho ya zabura har shayi ya zube masa a riga. "Wallah, wannan namu ne! Ku a gida sai Larabci kuke mini."

Golan ya gama karatu ya tafi, Kaka bai sauya ƙungiya ba. Kullum sai ya tambaye ni, "Ya yaranmu?" Kuma ba ya karɓar amsa sai da Hausa.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya nuna maka Aljanna a ce: shiga, taka ce.