Yaya Kurma Ya Ajiye Zarto

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mijin yayata, kuma maigidana a wurin aiki, mai injin yankan katako, wanda kowa ya sani da laƙabin Kurma. Ya cika a ɗakinsa bayan doguwar jinyar ƙirji, yayata tana tallafe da kansa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo.

Yaya, sai yau na iya zama in rubuta wani abu a kanka. Tun ranar da aka rufe ka mutane suke zuwa suna cewa ka huta, ni kuma ina amsawa da baki, amma zuciyata ta ƙi nutsuwa.

Ba da kurumta aka haife ka ba. Ƙarar inji ce ta cinye maka kunnen hagu, na dama ma ta rage masa ƙarfi, har abokan aiki suka laƙaba maka sunan, ya bi ka. Ba ka taɓa jin haushi ba. Idan kafinta ya zo yana kushe katako don a sassauta masa, sai ka juya masa kunnen hagu, ka yi ta gyaɗa kai har ya gaji. Idan kuwa yayata ta aiko da abinci, ko a ƙofar rumfa aka yi sallama kai ne mai fara amsawa. Muna tsokanarka, kana cewa kunnen ya san abin da yake so.

Na zo hannunka ina da aure da ɗa ɗaya, bayan gona ta ƙi ni shekara da shekaru. Na ɗauka ranar farko za ka ɗora ni a kan inji. Sai ka sa na naɗe hannun riga, ka ce riga mai yalwa ta salla ce da zuwa gaisuwa. Ka nuna mini inda ake tsayawa, a gefen zarto, kada mutum ya taɓa daidaita cikinsa da layin da yake yanka, domin katako yakan yi tutsu ya dawo baya. Ka ba ni wata sanda mai gwafa, ka ce da ita ake tura ƙarshen katako, hannu ba ya kusantar haƙora. Sannan ka ɗaga hannunka na dama, mai yatsu uku, ka riƙe shi a gaban idona.

Ka ce, "Na tsaya share garin katako ne inji yana juyawa. Sauri nake yi. Kashe shi tukuna, ka jira ya tsaya cak, ko da mai kaya yana zaginka."

Daga ranar har ka kwanta jinya, babu wanda ya rasa ko farce a rumfarka. Da wannan kake alfahari, kuma ka cancanta.

Kai kake tura gungume, ni ina can ɗaya ɓangaren ina jan katakon da ya fito. A haka na koyi sauran. Ba ka ɗora gungume a kan inji sai ka bi jikinsa da ido da tafin hannu, musamman itacen da aka saro daga cikin gida, saboda mata sukan kafa ƙusa su ɗaura igiyar shanya, itace ya girma ya haɗiye ta. Ƙusa ɗaya ta isa ta karya haƙorin zarto ya tashi kamar harsashi. Ba ka yarda a yi aiki da zarto mai dakushi, ka ce shi ya fi cizon mutum, don sai an tura shi da ƙarfi. Da ka ga garin da yake fitowa ya yi laushi kamar toka, ko ka ji ƙauri, sai ka tsayar da aiki ka ɗauko magagari ka wasa haƙoran zarton. Katakon da aka yanka kuwa a inuwa kake jera shi, a ɗage daga ƙasa saboda gara, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa. Wanda ya shanya ɗanyen katako a rana, ka ce, ya shirya sayar da kwale-kwale, don lanƙwashewa zai yi.

Ba zan manta da itacen gidan tsohuwar nan mai sayar da tsintsiya ba. Ya karkata kan ɗakinta, damina ta matso, masu sara biyu sun duba sun ce ba za su iya ba. Ka zagaya shi, ka ɗaga kai ka daɗe kana kallon rassansa, sannan ka buga jikinsa da bayan gatari. Ba ka ji amon sosai ba, sai ka dafa hannu ka sa ni na buga. Ka ce cikinsa kogo ne, idan aka sare shi daga gindi zai tsage ya faɗi inda ya ga dama. Ka ɗaura igiya a ƙugu ka hau, da furfurarka, ka dinga sauko da shi reshe bayan reshe, muna zura igiya a ƙasa. Kafin ka taɓa kututturen sai da ka sa muka share hanyar gudu, ka tabbatar kowa ya san inda zai nufa. Ko kwano ɗaya na rufin ɗakin bai lotsa ba. Da ta fito tana sa maka albarka, sai ka lura ƙofarta buhu ce aka rataye. Bayan kwana kaɗan ka aike ni da ƙyaure.

Irin wannan ba ya ƙirguwa. Matan unguwa sun saba zuwa kwasar ɓawo da guntaye don girki, ba ka taɓa korar kowa ba. Manomi zai kawo ƙotar fartanya ko ta gatari da ta karye, ka bar aikinka ka sassaƙa masa wata. Idan aka yi rasuwa, kai kake fara aika itacen rufe kabari. Ranar da muka kai ka, sai da na shiga rumfa na zaɓo naka da hannuna.

Amma Yaya, ka san abin da nake gani yanzu, domin kai ka fara ganinsa. Da can gungume ɗaya sai mutum shida sun taru da sanduna kafin ya hau inji. A shekarun nan abin da ake kawo mana mutum ɗaya yake saɓawa a kafaɗa. Dajin da kake ba mu labari ya zama fili. Ka yi ƙoƙari, ka raini dashe a bayan rumfa, kana ba shi ruwa da gwangwani, kana raba wa duk wanda ka sare masa itace. Awaki suka ci wasu, fari ya kashe wasu, waɗanda suka ɗan tasa masu gawayi suka bi su. Kafintoci sun koma wa allon da ake dannawa a masana'anta, masu gini sun koma ƙofar ƙarfe. 'Ya'yanka maza biyu suna birni, kai da kanka ka ce su tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Mai filin da rumfar take ya riga ya kawo masu awo. Wani ya zo ta'aziyya, bai gama shafa addu'a ba ya ja ni gefe yana tambayar ko za a sayar da injin a matsayin tsohon ƙarfe.

Tarin ya fara maka kamar wasa. Muka ce mura ce, kai ma ka ce mura ce. Sannu a hankali ya zamana idan ka ɗaga katako ɗaya sai ka dafa ginshiƙi ka huta. Da aka kai ka asibiti, likita ya ce ƙurar katakon da ka shaƙa tsawon rayuwarka ta lalata huhun, magani zai rage wahala ne kawai. Ka dawo gida ka koma barci a zaune, saboda kwanciya tana toshe maka numfashi. Mutumin da yake hawa itace da igiya ya zama sai an riƙe shi zuwa bayan gida. Yayata ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai ta rame tare da kai.

A zuwana na ƙarshe kafin ka daina magana, ina zaune a bakin gadonka tari ya sarƙe ni. Na juya baya don in ɓoye. Da na waiwayo na tarar ka zuba mini ido. Ka tambaye ni tun yaushe, na ce tun bara. Sai ka kama hannuna.

Ka ce, "Na tsare muku yatsu, ban tsare muku ƙirji ba. Ban sani ba, ƙanina. Ka riƙa ɗaure hanci, ka yayyafa ruwa kafin shara. Ka gaya wa sauran."

Na gaya musu, Yaya. Ina kuma rubutawa a nan don duk mai aikin katako da zai karanta. Ina ɗaurewa, ina yayyafawa. Sai dai na je wurin likitan nan, ya saurari numfashina ta baya, ya ajiye abin awonsa, ya tambaye ni shekara nawa na yi a rumfa. Ban gaya wa yayata ba tukuna. Takaba take yi, ba zan ƙara mata ba.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka da hannu mai yatsu uku da ya ci halak da shi. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya wahalar numfashin da ya sha ta zama kankarar zunubi. Duk inuwar da ya sare bisa larura Ka yafe masa, duk wadda ya dasa ta mutu Ka rubuta masa ladarta. Ka saukar da shi a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga yayata, da 'ya'yansa maza da mata, da jikokinsa, da 'yan'uwansa, da abokan aikinmu da ba su san inda za su nufa ba idan an rushe rumfa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Mu kuma da muke tafe a bayansa da irin ƙirjinsa, Allah Ya sassauta mana, Ya sa mu cika da imani. Amin.