Ragon Kirsimeti a Gidan Iliyasu Mai Rake

Iliyasu mai rake haifaffen Kurni ne, amma a Matameye ya yi furfura. Fadamarsa tana bayan gari, inda ƙasa ke riƙe laima ko da tsakiyar rani, tafin hannunsa kuma ya yi kaushi kamar bawon raken da yake sara. Yana saurayi ya tafi cin rani Kano, ya yi dako a kasuwa, ya dawo da ƙunshin tufafi da bangaskiya ga Almasihu. Tufafin an raba, an yi godiya. Bangaskiyar kuwa ta sa ƙauye ya yi masa ƙunci, har ya tattara ya koma Matameye, ya kafa gida jikin gidan wani Sha'ibu, wanda yau shi ke jan salla a masallacin unguwa.

Katanga ɗaya ta raba su, kuma gajera ce. A kanta gishiri ya tsallaka, garwashi ya tsallaka, ta'aziyya da barka suka tsallaka, har su biyun suka tsufa.

Kowace shekara Iliyasu na kiwata rago don Kirsimeti, amma bai taɓa sa masa wuƙa da hannunsa ba. Ya san maƙwabtansa Musulmi ba za su ci yankansa da kwanciyar rai ba. Sai ya kira Malam Sha'ibu ya yanka, matarsa Balki ta kasa nama, a bi gida-gida. Haka ake yi tun majami'arsu tana rumfar kara.

Sai aka kawo musu sabon fasto, Yahaya, matashi mai kaifin harshe da tsabtar zuciya. Yana saurayi ya ga hayaƙin majami'un da aka ƙone a Damagaram, kuma hayaƙin bai gama fita daga idonsa ba. Da ya ji labarin ragon, ya taka har fadama.

"Baba, wannan tsoro ne," in ji shi. "Bikin haihuwar Mai Cetonka, amma sai wani ya tsarkake maka nama? Kana lallashinsu ne don kada wata rana su waiwayo ka."

Iliyasu ya fere rake ya miƙa masa. "Sha, Fasto. Rana ta dake ka."

"Ba wasa na zo yi ba, Baba."

"Ni ma ban iya wasa da yunwa a ciki ba. Sha."

Bai sha ba. Ranar Lahadi dattawan majami'a suka zauna, suka yanke magana: ko Iliyasu ya yanka ragonsa da kansa bana, ko ya sauka daga kujerar dattijo.

Kujerar ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa. Da kansa ya ɗauko tubalin ginin majami'ar. Shi ke zagayawa da gurasa ranar jibin Ubangiji, yana duban fuskokin waɗanda ya riƙe suna jarirai. Mutumin da danginsa suka ture, a nan ya sami wurin da ake matsa masa ya zauna.

Amma Iliyasu ya san tsoro, kuma ya san iri biyu ne. Tsoron mutum ya ɗanɗana shi a Kurni: yana busar da miyau, yana sa ka duba fuskar kowa kafin ka buɗe baki, yana mai da babba wawa. Tsoron Allah dabam ne. Shi yakan zo masa da asuba a tsakiyar rake, lokacin da raɓa ke zuba kuma ba kowa sai shi da wanda ya yi shi. Ba ya sa gudu. Yana sa mutum ya tsaya cik, ya ga girman kansa daidai yadda yake, ƙarami, daga nan ne hankali ke fara tsiro. A cikin wannan tsoron ya tambayi kansa: in ya dafa naman da maƙwabcinsa ba zai iya ci ba, ranar da aka haifi wanda ya zo domin kowa, me zai ce in an tambaye shi? A nan ya ƙudura ba zai canza ba.

"To yanzu kai da wa kake rigima?" Balki ta tambaye shi tana jiƙa wa ragon dusa. "Da can danginka, yanzu 'yan'uwanka. Maigida, ko jaki yana hutawa."

"Jaki ba shi da maƙwabci."

"Yana da shi mana. Ga ni."

Maganar ta tsallaka katanga, kamar kowane abu. Ana jajiberin biki Malam Sha'ibu ya leƙo, carbi a hannu.

"Kai, tsohon Nasara, na ji abin da ake ciki. Yanka abinka bana. Wallahi ba zan ji haushi ba. Dama haƙorana sun gaji da naman ragonka, tauri kamar mai shi."

"Wa ya tambaye ka?"

"Iliyasu, kujerarka fa."

"Malam, in na yanka don na ji tsoron dattawa, to Fasto ya yi gaskiya ke nan, matsoraci ne ni. Sai dai ya yi kuskuren waɗanda nake tsoro. Wasa wuƙarka. Bara ka wahalar da dabba."

Da safe Malam Sha'ibu ya shigo da wuƙa. Iliyasu bai ja ragon bayan ɗaki ba. Ya fito da shi ƙofar gida, bakin hanyar da masu zuwa sujada ke bi. Ya danne ƙafafu, Malam ya juya dabbar gabas, ya ambaci sunan Allah, ya yanka. Wasu suka wuce da kai a sunkuye. Wasu suka ce barka da biki ƙasa-ƙasa. Balki ta kasa nama, Iliyasu ya ce a ware cinya guda a kai gidan Fasto.

Sannan ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya nufi majami'a. Bai jira an ce masa komai ba. Ya wuce layin dattawa ko waiwaye babu, ya zauna a bencin baya, kusa da ƙofa, inda rana ke shigowa ta gasa ƙeya. Da aka zo zagayawa da gurasa, wani ne ya riƙe farantin. Abin ya soke shi, bai ɓoye wa kansa ba. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa kamar kowa.

Da aka ɗauki waƙa, muryarsa ce ta taso daga baya, kakkaura, ba ta bin kiɗa sosai, ta cika ginin har rufi. Fasto Yahaya ya ɗago kai daga bagadi ya dube shi. Iliyasu bai sauke ido ba, bai kuma rage murya ba.