Ranar Da Aka Ƙona Rumfar Kawu

Shagona na farko a Makarfi ɗan ƙarami ne, a bakin hanyar kasuwa. Ina buga wa mutane takardu, ina cajin waya. Masu aikin hannu kan zauna a bencina, in za su tafi sai su ce, "In wani ya zo neman mai walda, ka ba shi lambata." Da lambobin suka yi yawa sai na buɗe zaure a waya na zuba su ciki: masu walda, kafintoci, masu feshin gona, masu gyaran injin ban-ruwa, har da masu zana katin biki.

Wata maƙwabciyarmu, Kirista 'yar kudancin Kaduna da ta karanta kwamfuta a Zariya, ita ta ce zaure ba zai ɗauke mu ba. Muka kwashe damina guda muna haɗa shafi a intanet. Mai sana'a ya sa hoton aikinsa da sunan garinsu, mai bukata ya zaɓa da kansa, in an gama ya rubuta yadda aikin ya yi, kowa ya gani. Kafin a fara saran rake, manoman Ikara da Kudan sun san da mu. Mutumin Dandamisa da injinsa ya tsaya a fadama ba sai ya hau mashin ya zo tasha ba, waya kawai zai latsa.

A tasha kuwa, mai wannan harka kawuna ne, yayan mahaifiyata. Shekara da shekaru, duk mai neman makanike ko leburori rumfarsa yake zuwa. Shi ke cewa wane ya tafi, wane ya jira, ya cire la'adarsa. Akwai wasu ƙarti da ke wuni a gindin rumfar, da ita suke ci.

Ya aiko aka kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, har gaisuwar ta ƙare bai dube ni ba.

"Ɗana, abin nan da kake yi a waya, ka rufe shi."

"Kawu, ai ba da kai nake yi ba. Mutane ne ke neman juna."

"Ka san gida nawa rumfar nan ke ciyarwa? Ni zan iya haƙuri. Waɗancan kuwa ban yi maka alkawari ba."

Na ce to, na tashi. Ban rufe ba.

Wanda aka fara taɓawa wani makanike ne ɗan Saulawa, mai gyaran injin ban-ruwa. A shafinmu babu wanda ake yabo kamarsa. An kira shi aiki a wata fadama ta wajen Kudan, ashe babu injin, mutum huɗu ne ke jiransa a cikin rake. Suka kayar da shi, ɗaya ya take masa wuyan hannu a kan dutse, ɗaya ya yi ta sauke masa gora a yatsu. Na je na gan shi a asibiti, hannun dama ya kumbura kamar kabewa. Bai zarge ni ba. Ce mini kawai ya yi, "Malam, cire hotona, kada a kira ni in kasa zuwa."

Sati bai cika ba ƙartin rumfa suka zo shagona, ranar kasuwa, bayan azahar. Ni da maƙwabciyata muna ciki. Na farkonsu ko sallama bai yi ba, ya ɗaga kwamfutar ya maka ta da ƙasa. Maƙwabciyata ta yi ihu ta tare shi, ya hankaɗa ta, goshinta ya daki bakin tebur, jini ya rufe mata ido. Ban san lokacin da na zari ƙarfen tokare ƙofa ba. Na shirga masa a muƙamuƙi, na ji ƙashin ya ba da wata ƙara da har yau nakan ji ta. Sauran suka rufe ni. Suka ja ni waje, duka ta ko'ina, gora a haƙarƙari, takalmi a baki. Masu buhunan masara suka tsaya suna salati. Sai da wasu dattawa suka shiga tsakani, sannan ƙartin suka kwashi ɗan'uwansu suka tafi.

Abin da na yi bayan haka shi ne ya fi damuna. Wayata tana aljihu, ta tsage amma tana aiki. Na ɗauki hoton shagon da na fuskata, na naɗi murya da fasasshen baki, na tura wa duk wanda ke shafin. Na ce, "Ga abin da mutanen rumfa suka yi mana. Duk mai zuciya ya same ni a tasha."

Maƙwabciyata, tana danne goshi da gyale, ta ce, "Goge shi. Don Allah goge shi yanzu." Na ƙi.

Kafin la'asar sakaliya mashina sun cika bakin tasha, daga Kudan, daga Ikara, daga ƙauyukan da ban taɓa zuwa ba. Masu walda da rodi, kafintoci da guduma. A ranar na fara ganin yawan mutanen da muka tara. Ƙartin rumfa suka yi ta jifa da duwatsu, da suka ga abin ya fi ƙarfinsu suka tsallake katanga. Wani ya zuƙo fetur daga tankin mashin ya watsa a zana, wani ya ƙyasta ashana.

Kawu bai gudu ba. Ya fito ya tsaya a gaban rumfar, hula a hannu, yana cewa, "Ku saurara, ku saurara." Ina kutsawa ina ihu a bar shi, kawuna ne, amma ba mai jin wani. Na ga sifana ta sauka a gefen kansa. Ya durƙushe, jini na fita ta kunne. Ni na ɗauke shi, da karyayyen haƙarƙarina, na sa shi a motar tumatir muka yi asibiti.

An kama mutane daga kowane ɓangare, ni ma na kwana biyu a tsare. Da dattawa suka zauna sulhu, aka tambayi Kawu wa ya doke shi. Ya ce bai gani ba. Aka tambaye shi ko shi ya tura a karya makanike, ya rantse bai tura ba. Har yau ban san gaskiyar wannan ba. Mahaifiyata ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata.

Shafin bai mutu ba, ƙaruwa ma ya yi, yanzu har daga Zariya ana shigowa. Maƙwabciyata ta ce ba za ta ci gaba da aiki da ni ba sai an cire hanyar tura saƙo ga kowa a lokaci guda, kuma sai an tabbatar da mai kiran aiki kafin a ba shi lambar mai sana'a. Na yarda da duka biyun. Makaniken ya koma gyara, amma yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Wanda na fasa wa muƙamuƙi ya bar gari.

Kawu bai sake kafa rumfa ba, noman albasa ya koma. Kunnensa na hagu ya daina ji. Duk Juma'a nakan je gaishe shi, in zagaya ta damansa in durƙusa. Yakan amsa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwan bana. Bai taɓa tambayata ya aiki ba.