Minti Biyar na Ɗan Kawuna

Jiya jikata ta ɗora ƙwai a wuta, ta danna wayarta ta ajiye. Can sai wayar ta ɗauki ƙara, na zabura, har shayi ya zube mini a riga. Ta yi ta dariya, wai tsoho ya tsorata da waya. Ita ba ta san dalili ba, amma kai mai karatu zan faɗa maka.

A ƙauyenmu na ƙasar Zango, shekarun da kuɗin fetur suka fara kawo kwanon rufi da rediyo gida-gida, hedimasta ya dawo daga Kano da wani ɗan agogo fari, bai fi murfin kofi ba. Ba ya faɗin ƙarfe nawa. Murɗa shi ake yi zuwa mintin da ake so, ya yi ta ƙas-ƙas yana komawa baya, in ya kai sifili ya fashe da ƙara. Ajinmu na ƙarshe aka ba wa.

Malaminmu dattijo ne. Kafin zuwan agogon, inuwar bakin ƙofa yake kallo ya san lokacin tashi. Da agogo ya zo kuwa, komai ya sami iyaka: shara minti biyar, lissafin ka minti goma, shan ruwa a randa minti uku. Kai, har mai tsayawa susar ƙeya sai da ya koyi sauri! Da yake idon Malam ya yi rauni, ba ya ganin ƙananan lambobin, ni ya ba wa murɗawa. Na ɗauki girman kai kamar ni na ƙera abin.

A bencina akwai ɗan kawuna. Akushi ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana. Ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba, sai dai yana da nawa, don kowace amsa sai ya sake bin ta kafin ya wuce gaba.

Bayan an cire gyaɗa, Malam ya ce yara biyar za a kai Daura su zauna jarrabawar shiga sakandare. Huɗu kowa ya san su. Gurbi na biyar tsakanina ne da ɗan kawuna, kuma gwajin lissafi na minti talatin zai raba mu. Ranar, Malam ya cika allo da tambayoyi, ya ce, "Murɗa mana talatin."

Na murɗa ashirin da biyar. Ba kuskure ba ne, tun a hanya na shirya.

Na yi ta zuba amsa ko daidai ko ba daidai ba. Da ƙarar ta tashi, na gama, shi kuwa saura masa tambaya biyu. Ya ajiye fensir ba musu, don haka dokar ajin take. Malam ya juya ya dubi inuwar bakin ƙofa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya kira ni gaban tebur.

"Talatin ka sa, ɗana?"

"Wallahi talatin na sa, Malam."

Ya gyaɗa kai. "To, idona ne ya tsufa ke nan."

Wannan maganar ta fi bulala ciwo. Dattijon ya ƙaryata idonsa saboda yaro ya ambaci sunan Allah. Da maki ɗaya na wuce ɗan kawuna.

A gida kawu ya ce haka Allah ya tsara, duk wanda ya tafi a cikinmu ɗansa ne. Ranar tafiya shi ya goya ni a kekensa har tasha. Ɗan kawuna ya biyo mu da gudu ya cusa mini rularsa a jaka, ya ce tawa ta karye a baki, kada ta ɓata mini layi. Na kasa haɗa ido da shi.

Na yi karatu, na koyar shekara da shekaru har na yi ritaya. Ɗalibaina sun san ni da wani hali: duk gwajin da na ce minti talatin ne, sai na bar su sun yi talatin da biyar. Suna cewa ina da kirki. Ina fa kirki!

Yau yara na ɗauke da agogon nan a cikin waya, ba mai murɗa wa wani. Ɗan kawuna yana nan a ƙauye, ya tsufa a gona, kuma duk kaka sai ya aiko mini da gyaɗa. Bara da na je gaishe shi, ya tara jikokinsa yana ba su labari cikin raha, wai shi agogo ne ya tsere masa. Suka kwashe da dariya, ya dube ni in tabbatar.

"Ko ba haka aka yi ba, ɗan'uwa? Ai kai ka murɗa shi."

Na ce haka aka yi.