Yaya Geum-rye Ta Kama Walda

Shekara ashirin da bakwai yayata Geum-rye ta yi tana ɗinka rigunan sanyi a wani kamfani a Busan. Tana da shekara hamsin da ɗaya aka rufe kamfanin, ta koma wanke kwanuka a gidan taliya, abin da ake ba ta ko cefane ba ya isa.

Wata Asabar sai ga kiranta a waya.

"Dong-pil, na ba da sunana a makarantar koyon sana'a! Kyauta ce, har kuɗin mota suke bayarwa!"

"Me za ki koya, Yaya? Girki?"

"Ji shi, wai girki! Walda, yaro, walda!"

Da ta gaya wa mijinta, ya yi dariya har da ƙwalla. "Ke da ko ashana sai kin runtse ido kike ƙyastawa?"

Makonnin farko ta sha wuya. Tartsatsi ya huhhuje mata riga, idanunta suka yi jawur, wuyanta ya ƙage. Rannan malaminsu, Malam Ok, wanda a haife ta haife shi, ya ɗaga ƙarfen da ta liƙa, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Inna, da can me kike yi?"

"Tela ce ni."

"Shi ya sa! Kai, ku zo ku ga layi miƙaƙƙe kamar ɗinki!"

Duk ajin suka taru a kanta. Ta ce ranar ko abincin rana ta kasa ci don murna.

Jarrabawar farko ta faɗi, don da aka lanƙwasa ƙarfen sai ya tsage. Ta sha kukanta, ta koma. Ta biyu kuwa ta haye, kuma kafin wata ya ƙare aka ɗauke ta a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a Geoje. Albashinta ya kusa ninka na ɗinki.

Bara aka saukar da jirgin farko da ta sa hannu a ciki. Ta kwashe mu duka zuwa bakin teku. Jirgin na shiga ruwa ta hau tsalle tana nuni.

"Can ƙasa, ta hagu! Duk wancan aikina ne!"

Mu dai fenti kawai muke gani, amma mun yi tafi har hannu ya yi zafi.