Katunan da Ta Bari

Matata ta rasu a farkon zango na biyu. Ita ce mai koyar da Turanci a aji shida na firamaren ƙauyenmu, kusa da Gulma, ni kuwa lissafi nake koyarwa. An rubuta wa ofishin ilimi na Argungu a turo wani, ba a turo ba. Sai hedimasta ya ce in riƙe ajin, tunda yaran za su zauna jarrabawar shiga sakandare, kuma a wurinmu wanda ya faɗi jarrabawar, aikin fadama yake komawa.

A akwatinta na samu katuna ashirin da ta yanka daga kwalin sabulu. Kowane da wasula biyu a haɗe, ea, oo, ai, ou, da kalma guda a ƙasa. Ta huda su, ta zura zare, ta ƙulle. Ban iya kwance ƙullin ba. Hannunta ne ya yi shi.

Kullum da safe in ɗaga kati, yara su amsa baki ɗaya, in juya na gaba. Cikin wata guda muryarsu har bakin rijiya ake jin ta. Na ɗauka sun iya.

Wata Laraba hedimasta ya shigo, ya tsaya yana saurare. Ya karɓi katunan, ya buɗe tsakiya, ya nuna wa wata yarinya a bencin gaba. Ta kasa karanta shi. Ya nuna wa na kusa da ita, shi kuma ya faɗi na katin farko. Haka ya bi layi uku.

A waje ya ce mini, “Malam, wanga ba karatu na ba, waƙa ta. Marigayiya kullum sai ta kwance su ta gauraya. Ba ka taɓa gani ba?”

Na ce ban taɓa shiga ajinta tana koyarwa ba.

Ya ce, “Allah shi jiƙan ta. Sai ka sake daga farko.”

Saura mako huɗu a yi jarrabawar lokacin. Shinkafar rani ta fara nuna, iyaye suka kwashe yara zuwa korar tsuntsu. Wasu ranakun mutum tara nake samu cikin arba'in. Na koyar da taran gwargwadon iyawata, alhali ni kaina ba kowane sauti nake da tabbas a kansa ba.

Da sakamako ya fito, hedimasta bai kira ni ofis ba. Ya aiko mini da takardar, na karanta a tsaye. Yarinyar bencin gaba ba ta ci ba, yanzu tana taya uwarta shanyar albasa. In mun haɗu a hanya takan durƙusa ta gaishe ni.