Ɗorawar Gwaggo

A gidanmu na Samaru, in an ce ɗorawa sai an ji sauran zancen: ko bishiyar, ko garinta da muke lasa har baki ya daƙune, ko launin atamfar da wata ta ɗinko. Wajen Gwaggo, yayar babanmu, kalmar abu ɗaya take nufi, wato bishiyar da ke tsakiyar gonarmu ta Bomo.

Da aka raba gado, maza suka ɗauki ƙasa, ita aka ba ta bishiyar. Haka ake yi tun da can, gona ta wani, itacen da ke cikinta na wani. Duk bazara takan sa a kaɗo mata 'ya'yan, ta fitar da kalwa, ta dafa daddawar da take sayarwa. Da wannan take riƙe kanta, ba ta roƙon kowa gishiri.

Shekarun da ɗalibai suka fara cika Bomo, Baba ya sayar da gonar ga wani ɗan kasuwa na Sabon Gari. Mutumin tashin gari ne, a saninsa wanda ya sayi fili ya sayi har ciyawarsa. Sai da ya kawo masu sara aka tuna ba a gaya masa ba.

Gwaggo ta yafa mayafi ta same shi.

"Alhaji, ƙasa ka saya. Bishiyar tawa ce."

"Mama, ai babu faɗa," in ji shi. "Na bar muku abarku."

Ya kuwa cika alkawari, ko reshe bai taɓa ba. Ya jera ɗakunan haya ya kewaye bishiyar, ya malale tsakar gidan da siminti har gindinta, ya sa ƙofar ƙarfe.

Da bazara ta zo na raka ta. Mun daɗe muna bugun ƙofa kafin wata ɗaliba ta leƙo, waya a kunne.

"Sannu Mama, wa kike nema?"

Gwaggo ta hango bishiyar ta kafaɗar yarinyar, an ɗaura mata igiyoyi, an shanya wanduna a kai. Ni haushi ya kama ni, ita kuwa ko a fuska ba ta nuna ba.

"Ba kowa, 'yata," ta ce.

A hanyar komawa muka tsaya kasuwar Samaru, ta taya kalwa, aka auna mata a mudu kamar kowa.